Amsa ga ɗan'uwan da zai je Legas sarin kaya karo na farko

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce za ka taso daga Kano zuwa Legas sarin kayan waya a kasuwar Computer Village da ke Ikeja, sannan mai ɗakinka ta ba ka saƙon atamfa da leshi daga kasuwar Balogun, kana tambayar ta wace hanya za ka bi, ina za ka sauka, da yadda za ka yi zirga-zirga a gari. Na daɗe ina wannan safarar, don haka bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Kafin ka yi maganar mota ko jirgi, ka fara yanke inda za ka kwana. A Legas ba a auna tafiya da nisa, da lokaci ake aunawa. Garin kashi biyu ne: akwai tsibiri, inda Balogun da Idumota da Marina suke, akwai kuma ɓangaren tudu, inda Ikeja da Agege da Oshodi suke. Gadoji uku ne suka haɗa su: Carter, da Eko, da Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12 wadda aka buɗe a 1990. Da safe jama'a kan kwarara zuwa tsibiri, da yamma su juyo gida, kuma duk ta waɗannan gadojin. Tunda babbar harkarka a Ikeja take, ka sauka a Agege ko cikin Ikeja. Agege akwai 'yan'uwanmu da suka yi shekara da shekaru a can, za ka samu masallaci da tuwo da wanda zai yi maka Hausa ya nuna maka hanya, kuma kusa take da Ikeja. Kada wani ya ruɗe ka da masauki mai arha a Ikorodu ko Ajah. Abin da ka rage a kuɗin ɗaki za ka biya shi a kuɗin mota da rabin yininka.

Zuwan kansa, in aljihu ya yarda ka hau jirgin sama, filin jirgin Murtala Muhammed a Ikeja yake, ka ga ka sauka a bakin harkarka. In mota ce, tafiyar ta kai kilomita dubu, ta Abuja da Lokoja da Okene har Ibadan, kuma ka sa a ranka kwana za ka yi a hanya. Ka tambayi direba tun a tasha inda zai sauke mutane, ka kuma roƙi mai masaukinka ya tare ka a can. In kun iso da tsakar dare, ka zauna cikin tashar har gari ya waye.

Ranar Balogun ka ware mata yini guda, kada ka haɗa ta da Ikeja. Kana idar da sallar asuba ka kama hanya, ka kuma yi ƙoƙarin baro tsibirin kafin la'asar. Wanda ya kai ƙarfe biyar a Idumota ya san zai yi magariba, wataƙila har isha'i, a kan gada. Babban masallacin Legas yana titin Nnamdi Azikiwe, cikin kasuwar, nan za ka yi azahar ka huta.

Abin hawa kuwa, ni BRT nake ba baƙo shawara. Manyan bas ne da aka fara a 2008, suna da layinsu na daban a titi, kuma sai a tashoshinsu suke tsayawa. Da katin Cowry ake biya, ka saya a tasha ka zuba masa kuɗi tun ranar farko, shi ne kuma za ka shiga jirgin ƙasa na cikin gari da shi. Jirgin Red Line yana bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Yaba zuwa Oyingbo, daga nan ka ɗauki mota ta gadar Carter ka faɗa Idumota. Sai dai ba kowane lokaci yake tashi ba, ka tambayi jadawalinsa tun ana gobe. Akwai kuma Blue Line daga Marina zuwa Mile 2, wanda ya fara aiki a 2023. A kansa akwai tasha mai suna Alaba, amma ba ita ce kasuwar kayan lantarki ta Alaba International ba, waccan tana can gaba a Ojo. Na sha ganin mutanenmu sun sauka a nan suna waige-waige.

Danfo, wato rawayar bas ɗin nan mai baƙin zane, ba yadda za ka kauce mata gaba ɗaya. Kwandasta yana rataye a ƙofa yana kiran sunan wuri da sauri har ba ka rarrabe abin da yake cewa, don haka ka tsaya ka tambaye shi, ka ji kuɗin kafin ka sa ƙafa. Ka riƙe canji a aljihun gaba. In ka ba shi babbar takarda, zai iya haɗa ka da wani fasinja ya ce ku raba canjin a tsakaninku, ya ja motarsa ya bar ku a bakin titi. In za ka sauka ka ɗaga murya ka ce "owa", in ba haka ba sai an wuce da kai. Abin da nake roƙonka da girman Allah shi ne ka shiga mota a cikin tasha. Kada ka tare ta a hanya, musamman da asuba ko da dare, domin masu "wan cans" haka suke farauta: motar da 'yan fasinja uku ko huɗu a ciki, duk bakinsu ɗaya, su karɓe waya su kwashe kuɗin asusu. In dare ya yi maka, gara ka kira Uber ko Bolt, ka duba lambar motar ta yi daidai da ta wayarka. Acaɓa kuma gwamnatin jihar ta hana ta a Ikeja da cikin tsibiri da wasu ƙananan hukumomi tun 2022, kuma dokar ta shafi har fasinja.

A Computer Village tun daga bakin titi matasa za su tare ka, kowa yana cewa shagonsa ne ya fi arha. Ka gaishe su ka wuce. Ka je da sunan shago daga wani abokin sana'a na Farm Centre, kasuwar wayar Kano, da ya saba saye a can, ka gwada kaya a gabansu, a rubuta maka rasit, kuma kada ka bari a mayar da abin da ka gwada ciki da sunan za a naɗe maka. Kuɗi ka bar su a banki ka riƙa tura musu, amma ka riƙe 'yan tsaba saboda ranar da netwok zai ƙi.

In ka gama saye, ka kai kayan tashar motocin arewa ka ba da su saƙo, ka karɓi takarda da lambar direba, kai kuma ka taho da jakarka kawai. In zuwanka ya faɗo Yuni ko Yuli, ka ƙara kwana ɗaya a lissafinka, saboda ruwan safiya ɗaya kan tsayar da garin. Ka sanar da mu ranar da za ka taso. Allah ya kai ka lafiya, ya sa a yi kasuwa mai albarka.