Tambaya da Amsa: Yadda Za Ka Sa Windows Ta Yi Aikin da Kanta

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da ɗakin kwamfuta na wata makarantar sakandare a Zariya, kwamfutoci 25. Ɗalibai na cika foldar Downloads da tarkace, duk ƙarshen wata sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gogewa. An ce PowerShell za ta iya ɗauke min wannan wahala. Sai na saye ta ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam, Malam. Ba sai ka kashe ko kwabo ba, tana cikin kwamfutocinka. Microsoft ta fitar da PowerShell, manhajar da ake rubuta wa kwamfuta umarni a cikinta, a 2006, kuma Windows 11 da Windows 10 na bayan-bayan nan suna zuwa da sigar 5.1 a ciki. Abin da ya sa ta fi tsoffin fayilolin umarni na .bat shi ne an ɗinke ta da Windows ɗin kanta. Idan ka nemi jerin fayiloli, kowane fayil zai zo da sunansa, girmansa da ranar da aka taɓa shi, sai ka tace yadda kake so. Ga layin da kake buƙata:

Get-ChildItem "C:\Users\Dalibi\Downloads" -File -Recurse | Where-Object CreationTime -lt (Get-Date).AddDays(-30) | Remove-Item -WhatIf

Ma'anarsa, a nemo duk fayil ɗin da ya wuce kwana 30 a foldar, a goge shi. Don Allah kada ka cire -WhatIf ɗin da ke ƙarshe a gwajin farko. Da shi ba abin da za a goge, allon zai nuna maka ne kawai abin da zai tafi. Ka karanta jerin da idonka, domin Remove-Item ba ta kai fayil kwandon shara, abin da ta goge ya tafi ke nan. Ka lura kuma an sa CreationTime, wato ranar da fayil ya shigo kwamfutar, maimakon LastWriteTime, ranar da aka yi masa gyara na ƙarshe. Fayil ɗin da malami ya kwafo yau daga filashi yana riƙe da tsohuwar ranar da aka gyara shi, watakila ta bara, da LastWriteTime aka bi, sai a goge shi a ranar da ya shigo.

Ka adana layin a fayil mai ƙarshen .ps1. Windows za ta ƙi gudanar da shi da farko, saboda a kwamfutocin gida da ofis ƙa'idarta ta asali ita ce Restricted. Ka buɗe PowerShell a matsayin mai gudanarwa (Run as administrator), ka buga Set-ExecutionPolicy RemoteSigned. Hakan zai bar rubutun da ka yi da hannunka ya yi aiki, wanda aka sauke daga intanet kuwa sai yana da sa hannu.

Tambaya: Ina aiki a wani kamfanin lissafi. Na rubuta umarnin da ke kwafe takardunmu zuwa sabar ofis, wato babbar kwamfutar da muke ajiya a kanta. Idan na danna shi da hannu yana aiki lafiya lau, amma da na sa shi a Task Scheduler, manhajar Windows mai tayar da aiki a kan lokaci, ya riƙa tashi ƙarfe 2 na dare, da safe ba na ganin komai. Ina matsalar take?

Amsa: Hajiya, wannan ita ce matsalar da ta fi kama mutane, kuma galibi rubutun lafiyarsa ƙalau. Lokacin da kike zaune a gaban kwamfuta da sunanki yake aiki, da daddare kuwa a wani yanayi daban yake tashi.

Fara da duba hanyar sabar. Idan kin rubuta Z:\ ne, to wannan harafin yana aiki ne kawai lokacin da kika shiga da sunanki, aikin da ke tashi ba kya ciki bai san da shi ba. Ki sa cikakkiyar hanya, misali \\Saba\Ajiya, sannan ki tabbatar asusun da aikin ke amfani da shi yana da izinin rubutu a wurin. Haka nan idan kin bar akwatin Start in na Task Scheduler, inda ake rubuta foldar da aikin zai fara, babu komai, aikin zai tashi ne daga C:\Windows\System32, duk gajeruwar hanyar da kika rubuta sai ta nufi inda ba ki nufa ba.

Sai batun wuta. A shafin Conditions akwai zaɓin da ke zuwa a kunne, mai cewa kada aikin ya tashi sai kwamfuta na jone da wuta. In laftof ce kuma an ɗauke wuta ƙarfe 2, za ta koma batiri, aikin ya yi shiru ba tare da ya faɗa miki ba. Ki cire wannan alamar. A shafin Settings kuma ki kunna zaɓin da ke gudanar da aikin da zarar an samu dama idan lokacinsa ya wuce, saboda daren da kwamfutar ta kwana a kashe.

A saka Start-Transcript -Path "C:\Logs\kwafi.txt" -Append a layin farko na rubutun. Zai rubuta abin da ya faru a fayil ɗin kwafi.txt, da safe za ki buɗe shi ki ga ainihin saƙon kuskuren. Ki kuma duba Last Run Result: 0x1 na nufin an samu matsala, amma 0x0 ma bai tabbatar da an kwafe komai ba, sai kin leƙa sabar.

Tambaya: Me ya sa ƙ, ɗ da ɓ ke rikiɗewa su zama wasu alamomi a saƙonnin da rubutuna ke fitarwa?

Amsa: Sigar 5.1 na ɗaukar fayil ɗin da ba shi da alamar BOM, wata ɓoyayyar alama a farkon fayil mai nuna tsarin haruffansa, a matsayin tsohon tsarin haruffa na ANSI, wanda bai san haruffa masu ƙugiya ba. A Notepad ka zaɓi Save As, a wurin Encoding ka ɗauki UTF-8 with BOM. PowerShell 7, wadda ake sakawa daban kuma take aiki har a Linux da macOS, tana karanta UTF-8 kai tsaye ko babu wannan alamar.