Tambaya da Amsa: Ashe ba kowane furotin zafi ke narkarwa ba?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar kimiyya ce. Na san sukari ya fi narkewa a shayi mai zafi, amma an ce mana wasu furotin ɗumi ne ke sa su dunƙule. Yaya haka? Kuma tunda kwamfuta na zana siffar furotin yanzu, me ya sa ake wahalar haɗa kiristal ana haska shi da eksire? Daga Hauwa'u, Gusau.

Amsa: 'Yata Hauwa'u, gaskiya aka faɗa muku. Laisozayim, wani furotin na farin ƙwai, halin sukari gare shi: ki sanyaya ruwansa, sai kiristal ya fito. Amma akwai mai baya da haka, kuma yana cikin gidajenmu, wato himogulobin (furotin ɗin jini mai ɗaukar oksijin) na masu sikila. Idan aka cire masa iskar oksijin aka ajiye shi a kwalba cikin ƙanƙara, ruwa ne tsululu. A ɗumama shi zuwa digiri 37, zafin jikin mutum, sai ya yi kauri kamar kamu, ya zama dogayen zare. A mayar da shi sanyi, ya sake narkewa. Dalili kuwa sinadari ɗaya tak ne, cikin jerin sinadaran da suka haɗa furotin ɗin, ya sauya a gurbi na 6, kamar yadda Vernon Ingram ya nuna a 1957: falin ya maye gurbin gulutamik asid. Falin ba ya shiri da ruwa, tamkar man gyaɗa, kuma ɗumi yana ƙara sa irinsa su manne wa juna.

Don Allah kada wani ya ji wannan ya bar yaro mai sikila cikin hunturu ba rigar sanyi. Kwalba daban, jiki daban. Sanyi yana tsuke jijiyoyin jini, ya tayar da ciwon.

Tunda zafi da sanyi suna sauya narkewar furotin, shi ya sa ake renon kiristal a digiri 4 ko 20, ba a yarda zafin ya motsa ba. Ni kaina na taɓa asarar aikin mako uku a dare ɗaya da wuta ta ɗauke a watan Afrilu. Da safe na leƙa madubin ƙara girma, ɗigon da kiristal ɗin ke ciki ya koma ruwa garau.

Batun kwamfuta kuwa, AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, ta yi abin a yaba, har masu ita suka samu kyautar Nobel a 2024. Sai dai karatunta ta yi shi ne a kan siffofin da aka gano da gwaji, tun daga mayogulobin, furotin ɗin tsoka, wanda John Kendrew ya gano siffarsa da eksire a 1958. Za ta zana miki siffar himogulobin, amma ba za ta gaya miki a digiri nawa zai dunƙule ba. Wannan sai kin auna da hannunki.