Abin da ake dubawa a zanen tsohuwar unguwa

Ka tambayi abin da za ka duba a zanen tsohon titi wanda babu komai a cikinsa sai gidaje da mutane suna harkokinsu. Ɗauki zanen wani ɗan titi na garin Delft na ƙasar Holland da mai zane Johannes Vermeer ya yi wajen 1658, wanda ke gidan tarihi na Rijksmuseum a Amsterdam. Tsayinsa santimita 54 ne kacal.

Fara ja da baya taku uku, ka ɗan kanne ido, ka ga inda haske da duhu suka rabu. Sannan ka matso.

Bangon ya fi komai cancantar lokacinka: jan bulo da ya tsufa ya tsattsage, da farar ƙasar da aka shafa a gindinsa iya inda hannu ya kai. Mutum huɗu ne a ciki: mace tana ɗinki a bakin ƙofa, yara biyu a durƙushe, wata a sunkuye cikin lungu. Ko ɗayansu bai ɗago ya dube ka ba, shi ya sa kake jin kamar wucewa kake yi.

Ganyen da ke hagu ya yi shuɗi-shuɗi. Kada ka ɗauka kuskure ne. Launin rawayar da ke cikin koren ne ya koɗe da shekaru.