Tambaya da Amsa: Umarni na aiki a tamina, amma ya ƙi a burauza

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa wa wata Islamiyya a Tudun Wada manhajar sakamakon jarrabawa da PHP, a kan Ubuntu da Apache. Idan na buga umarnin soffice na manhajar LibreOffice a tamina (tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni), nan take yake mayar da takardar Word zuwa PDF. Amma da na saka shi cikin shell_exec, wato hanyar da PHP ke gudanar da umarnin tamina, na danna daga burauza, shiru kake ji, ko saƙon kuskure babu. Yau kwana 3 ke nan, ga hutu ya ƙarato.
Aminu, Samaru, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Malam Aminu. Umarninka lafiyarsa ƙalau, mai bugawa ne ya canja. A tamina kai ne da kanka. Daga burauza kuwa Apache ne, wato manhajar da ke miƙa shafinka ga burauza, kuma a Ubuntu da sunan www-data yake aiki. Kamar ka aiki yaro shagonka a kasuwar Sabon Gari ne, ka manta ba ka ba shi mabuɗi ba.

Shirun da ka ji ba shiru ba ne. Shi shell_exec sakamako kawai yake dawo maka da shi, ƙorafin kuma ya zarce /var/log/apache2/error.log. Ka ƙara 2>&1 a ƙarshen umarnin, zai faɗa maka damuwarsa a shafin. In ka koma exec a maimakon shell_exec ma har lambar fita za ka gani, wato lambar da umarni ke bayarwa in ya ƙare: 127 na nufin ba a ga umarnin ba, sai ka buga which soffice ka kwafo cikakkiyar hanyarsa, 126 kuma an gan shi amma babu izinin gudanar da shi.

Sai dai ni inda na fi zargi daban ne, don ya taɓa cinye mini dare guda a kan janareta. LibreOffice ba ya tashi sai ya rubuta saitinsa a gidan mai amfani. Gidan www-data shi ne /var/www, wanda galibi mallakin root ne, wato babban mai iko da kwamfutar, ba ya iya rubuta komai a ciki. Ka buɗe wa www-data folda tasa, ka mallaka masa da umarnin chown, sannan ka fara umarnin da HOME= da hanyar foldar. Foldar da PDF zai sauka ita ma haka. Kafin ka koma burauza, gwada umarnin a tamina da sudo -u www-data a farkonsa, wato da sunan www-data.

Wani zai ce ka yi chmod 777, wato ka buɗe wa kowa foldar, ka huta. Kada ka saurare shi, sakamakon 'ya'yan mutane ne a ciki. Sunan fayil ɗin da malamai za su ɗora kuma ka bi da shi ta escapeshellarg tukuna, don kada sunan ya zama umarni.

In kuma a /tmp kake neman PDF ɗin ka rasa, ba ɓata ya yi ba: systemd, mai tayar da manhajoji a Ubuntu, na ware wa Apache nasa /tmp ɗin daban. Canja wurin ajiya, in ya ƙi ka turo mini abin da 2>&1 ya nuna.