Tambaya da Amsa: Na samu tsohuwar MGB da araha, in saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Birmingham, kuma na daɗe ina sha'awar tsofaffin motocin Ingila masu buɗaɗɗen sama. Na samu MGB ƙirar 1972 a hannun wani dattijo, farashinta ƙasa da na sauran da nake gani. Injin yana tashi bugu ɗaya, ba hayaƙi, dattijon kuma ya ce bai daɗe da sake shi ba. Abin da na lura shi ne fenti ya yi ƙuraje a ƙasan ƙofofi da bayan tayoyin gaba, ƙofar direba kuma sai an ɗan ɗaga ta take rufuwa. Ya ce fenti kawai take buƙata. Ba ta da takardar MOT, wato ta gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, wai doka ta ɗauke mata. Ina da gareji da 'yan kayan aiki, ina iya canza baƙin mai da fulogi, amma ban taɓa walda ba. In saya?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada ka biya tukuna. Abin da ya burge ka a motar nan, wato inji, shi ne mafi sauƙin gyara a jikin MGB. Abubuwa biyun da ka ambata a tsakiyar wasiƙarka kamar ba kome ba, ƙurajen fenti da ƙofar da ba ta rufuwa, su ne za su nuna ko mota ka samu ko rigima.

Mu da muka taso a gida mun saba idan za a sayi mota a buɗe bonet, a saurari inji, a leƙa salansa ko tana hayaƙi. Ƙasarmu busasshiya ce, bodi yakan daɗe, inji ne ke fara gajiya. A Ingila abin ya sha bamban. Ga ruwan sama kusan duk shekara, ga gishirin da ake watsawa a titi lokacin sanyi don ƙanƙara ta narke. Wannan ruwan gishirin shi ke cin motocin can tun daga ƙasa, alhali injin yana nan garau.

MGB ta fito a 1962, aka yi ta ƙera ta a Abingdon kusa da Oxford har 1980, an kuma yi sama da 500,000. Yayarta MGA tana da shasi daban da ake ɗora bodi a kai, haka ma Triumph TR6 da Spitfire. Ita MGB ba ta da shi. Bodin shi ne shasin, an haɗe shi wuri guda da walda. To irin wadda ka gani ba ta da rufin ƙarfe, saboda haka abin da ya haɗa gaban motar da bayanta shi ne ramin giyabos da ke tsakiya da kuma dokin ƙofa na dama da na hagu, wanda masu sayar da kaya a can suke kira sil. Matsayinsu kamar na azara ne a soro: idan gara ta cinye ta, yaɓen da ke waje ba zai riƙe ɗakin ba.

Dokin ƙofar nan ba ƙarfe ɗaya ba ne. Akwai na waje da kake gani da ido, akwai na ciki da ke ƙarƙashin kafet, akwai wani falle a tsaye a tsakaninsu, sannan akwai na ƙasa da ya rufe su, inda wurin sa jak yake. Kuma bai tsaya a faɗin ƙofa ba, ya shige bayan madigadin gaba, ya shige bayan na baya. Laka da ruwa sukan taru a bayan tayar gaba, su kwanta a kan ƙarshensa. Ƙananan ramukan da aka bari don ruwa ya tsiyaye su toshe. Daga ciki tsatsa take farawa. Kafin ta huda ta fito har fenti ya yi ƙuraje, fallen tsakiya ya daɗe da zama gari. Shi ya sa maganar "fenti kawai" ba ta shige ni ba, ko da dattijon da zuciya ɗaya ya faɗe ta.

Ƙofar ma tana iya zama hinjinta ne ya gaji, wannan ƙaramin aiki ne. Amma tana iya zama motar ce ta fara lanƙwashewa a tsakiya. Ka tsaya daga gefe ka dubi tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi ta wajen baya. Idan ta matse a sama ta buɗe a ƙasa, tsakiyar motar ta sauka.

Ka koma da tocila, da ƙaramin maganaɗisu naɗe a tsumma, da sukudireba, da tabarma ko kwali da za ka kwanta a kai. Ka bi da maganaɗisun ƙasan madigadi da dokin ƙofa, duk inda ya ƙi kamawa fila ce aka cusa. Ka ɗaga kafet ka danna dokin ƙofa na ciki da babban yatsa, musamman can gaba wajen ƙafafu, ka duba daɓen motar ko ya jiƙe. Ka kwanta ka ƙwanƙwasa ƙarfen ƙasa da gindin sukudireba: lafiyayyen ƙarfe yana amsawa tas, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ɓus, wani lokacin har gari ya zubo maka a fuska. Ka nemi izinin mai ita ka sa jak a wurinsa ka ɗaga a hankali, idonka a kan tazarar ƙofa. Idan ta motsa, ko ka ji ƙarfe yana murƙushewa, ka sauke, magana ta ƙare. Idan kuma ya hana ka sa jak, wannan ma amsa ce.

Ka yi hattara da gyaran ha'inci da ya yi yawa a motocin nan. Ana ɗora sabon ƙarfe a kan ruɓaɓɓen dokin ƙofa a liƙe, a shafe da fila, a fesa fenti, ko a rufe wurin da farin ƙarfe mai ƙyalli a ce ado ne. A motar da ba a taɓa ba, akwai layin haɗi a fili tsakanin dokin ƙofa da madigadi gaba da baya. Idan ka ga wurin sumul babu layi, an cike shi. Haka nan sabon baƙin kwalta da aka shafa a ƙasan mota dab da sayarwa, kyan ɗan maciji ne. Kafin ka tashi daga ƙasan, ka haska inda sifirin na baya ya kama bodi, da daɓen but, da akwatunan batir. Taka ta 1972 tana da batir biyu masu bolt 6 a bayan kujeru, sai a 1974 aka koma guda ɗaya mai 12, kuma ruwan batir yakan ci wurin.

Maganar MOT gaskiya ya faɗa maka. Tun Mayun 2018 motar da ta haura shekara 40 ba dole ba ne a kai ta gwajin shekara-shekara, muddin ba a yi mata babban sauyi ba. Amma abin da hakan ke nufi a gare ka shi ne wataƙila shekaru sun shuɗe babu wani mai gwaji da ya leƙa ƙasanta. Doka kuma ba ta ɗauke maka nauyin tabbatar da lafiyarta a titi ba. Ka sa lambarta a shafin gwamnati na tarihin MOT, za ka ga sakamakon gwaje-gwajen da aka yi mata tun 2005, har da gargaɗin tsatsa in an taɓa rubutawa. Sannan ka ce masa ku kai ta gwaji da kuɗinka kafin ciniki. Ba a hana ba, kuma shi ne kuɗi mafi amfani da za ka kashe a kan motar nan.

Idan dokin ƙofa ya tafi, ga abin da gyaran gaskiya ya ƙunsa. Za a kwance madigadin gaba, a yanke ƙasan na baya, a tokare bakin ƙofa da ƙarfe don kada motar ta ƙara lanƙwashewa, a yanke ruɓaɓɓen duka, a sa sababbin fallayen ɗaya bayan ɗaya ana gwada ƙofa a kowane mataki. Gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan. Ƙarafan kansu ba su ne tsadar ba, ana samunsu cikin sauƙi. Lokacin mai walda da fentin da zai biyo baya su ne ke cin kuɗi, kuma da wuya a buɗe a tarar ɓarnar ta tsaya inda aka zata. Ba na ba wanda bai taɓa riƙe walda ba shawarar ya fara koyo a nan. Ƙarfen siriri ne, yana hujewa da sauri, kuma in aka haɗa shi a karkace ƙofar ba za ta sake zama daidai ba. In kana son koyo, ka fara da facin daɓen but. Akwai ma sabon bodi sukutum da kamfanin British Motor Heritage yake bugawa tun 1988 da ainihin kayan aikin da aka buga na asali da su, amma wannan hanya ce ta mai son motar fiye da aljihunsa, don kuɗin da za a kashe yakan wuce abin da motar za ta yi a kasuwa.

Injin kuwa ba zan daɗe a kansa ba. Mai silinda huɗu ne, cc 1798, na ƙarfen zubi, mai haƙuri ƙwarai. Ka tuƙa ta har ta yi zafi sosai ka dubi agogon ƙarfin baƙin mai: a kan tafiya ana son ya kai wajen 50 zuwa 60, in ya zube ƙasa sosai metal sun gaji. 'Yar ƙarar bawul ba abin tsoro ba ce, haka suke, sai ma in sun yi tsit ake zargin an matse su. Ka nemi rasit na aikin da ya ce an yi, ka tambaya ko an sa wa tafsilinda mazaunin bawul masu tauri, domin an ƙera injin ne don fetur mai dalma, wanda aka daina sayarwa a gidajen man Birtaniya a 2000. Fetur na yau da kullum a can tun Satumbar 2021 shi ne E10, mai yawan sinadarin etanol da ke cin tsohon tiyo. Ka riƙa shan E5 mai ƙarancin etanol, ka kuma canza duk tiyon mai na roba. Ka gwada kulochi da kyau, don a MGB sai an fitar da inji ake canza shi.

Sauran duk aikin garejinka ne, kuma a nan daɗin motar yake. Kafireto biyu ne ƙirar SU, kowanne da ɗan murfi a sama da ake ɗiga wa mai. Kada ka taɓa saitinsu sai ka tabbatar da wuta da tazarar bawul, don yawancin abin da ake ɗora wa kafireto laifin wuta ne. Kimfin na gaba yana son giris kowane mil 3,000. Wayarin na kamfanin Lucas da ake yi wa ba'a, galibin matsalarsa datti ne a mahaɗa da wayar ƙasa da ta yi tsatsa. Launukansa ma a tsare suke: ruwan ƙasa wuta ce kai tsaye daga batir ba fiyus, fara tana zuwa in an murɗa makulli, koriya ita ce ta makulli da ta bi ta fiyus, baƙa kuma ta ƙasa. Tayoyi ka duba shekarar da aka buga a jikinsu, kada zanen ya ruɗe ka, don motar da ba ta yawo tayarta tsufa take yi ba cinyewa ba.

Ra'ayina, bisa abin da ka bayyana, na fi zaton dokin ƙofar direba ya tafi, kuma arahar daga nan ta fito. Araha ba ta ado. MGB ba ta yi ƙaranci a Ingila ba, saboda haka ba ka da dalilin ɗaukar ta farko da ka gani. Mai lafiyayyen bodi da gajiyayyen inji ta fi maka wannan nesa ba kusa ba, tunda inji kana iya binsa a hankali da kanka, bodi kuwa sai ka biya wani. Ka tuntuɓi MG Owners' Club ko MG Car Club, suna da rassa a yankuna, kuma ba a rasa wanda ya san motar ciki da waje da zai raka ka dubawa. Idan gwaji ya nuna ƙarfen da sauransa, hinji ne kawai ya saki, to ka saya, ka wanke lakar bayan tayoyin gaba, ka buɗe ramukan tsiyayar ruwa, ka sa a fesa kakin hana tsatsa irin su Waxoyl ko Dinitrol a cikin dokin ƙofa kafin sanyi ya shigo. Idan kuwa ya nuna akasin haka kuma har yanzu ranka na kanta, ka kai hotunan wurin mai gyaran bodi da ya saba da MG, ya rubuta maka kuɗin gefe biyu har da fenti, ka cire shi daga farashin kafin ka yi tayi.