Kamfanonin yogot biyu za su haɗe: za mu iya hana su a kotu?

Shugaban wata ƙungiyar gama kai ta makiyaya a yankin Wamakko ya rubuto cewa kamfanonin yogot biyu da ke sayen madararsu a Sakkwato suna shirin haɗewa. Tsoronsu shi ne idan mai saye ya koma ɗaya, farashin lita zai faɗi. Yana tambaya ko za su iya hana haɗewar a kotu, tunda ba a nemi yardarsu ba.

Ardo, ban ga takardunku ba, don haka ka ɗauki maganata da wannan sharaɗin. Amma yardarku ba ta cikin abin da doka ta gindaya. Mai kai wa kamfani madara ba mai hannun jari ba ne, ko da ya shekara goma yana kaiwa. Idan kuka garzaya babbar kotu kuna neman a dakatar da haɗewar a kan wannan hujja kaɗai, ina jin kuɗin lauya kawai za ku kashe.

Wadda ake neman yardarta ita ce hukumar tarayya mai kula da gasar kasuwanci da kare masu sayen kaya, wato FCCPC, da ke Abuja, bisa dokar gasa da kare masu sayen kaya ta 2018. Wajibi ne a sanar da ita idan cinikin kamfanonin biyu na shekara ya kai naira biliyan 1 a haɗe, ko na wanda za a saya ya kai miliyan 500. Wanda ya haɗe kafin amincewa na iya fuskantar tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa. Idan ba su kai haka ba, ƙaramar haɗewa ce, ba dole su sanar ba, sai dai hukumar na iya kiran su cikin wata 6 da haɗewar. Wannan ne farkon abin da za ku bincika.

A babbar haɗewa hukumar tana da kwanakin aiki 60, tana iya ƙarawa. Tana wallafa sanarwa don jin masu ƙorafi, wa'adin kuma gajere ne. Kukan "za a cuce mu" ba ya wadatarwa. Abin da take dubawa shi ne ko gasa za ta ragu sosai, da tasirin abin ga yanki, da ayyukan yi, da ƙananan sana'o'i. Hujjarku mafi ƙarfi ita ce ɗanyar madara ba ta jure tafiya mai nisa a zafin Sakkwato ba tare da injin sanyaya ba, don haka ba za ku iya kai ta Kano ba. Kamfanin kuwa zai ce ai matanku na sayar da nono a kasuwa, shi ma yana iya komawa amfani da garin madara. Sun saba faɗin haka. Amsarku ita ce rasit, da littafin lita nawa kuke kaiwa kowace rana, da farashin kowane kamfani, da nisan mai saye na uku.

Ko da hakan, hanawa ɗungurungum ba kasafai ake yi ba. An fi amincewa da sharuɗɗa. Akwai ɗaukaka ƙara zuwa kotun musamman ta gasa, amma ko za ta saurare ku a matsayin 'yan gefe, ba zan ba ka tabbaci ba.

Shawarata ku zauna da kamfanonin yanzu, lokacin da ba sa son ƙorafi ya isa Abuja. Ku je da hakimi ko wani dattijon da ɓangarorin biyu ke jin nauyinsa, ku nemi rubutacciyar yarjejeniya: mafi ƙarancin lita, yadda za a riƙa duba farashi, ranar biya, da yadda ake gwajin madara kafin a ce an tsarma mata ruwa. Ku tambaya kuma hannun jari aka sayar ko kadarori, domin idan kadarori ne, sabon mai shi na iya cewa bashin madarar da kuke bi ba a kansa yake ba. Ku karɓi wannan bashin kafin a sa hannu.