Tambaya da Amsa: Yaushe Aka Ƙera Garmahon Kawu?

Tambaya: Assalamu alaikum. A cikin kayan da kawuna ya bari, Allah ya jiƙansa, mun tarar da wani garmaho mai siffar akwatin tafiya, da marfi da mariƙi, lasifikarsa kuma a jikin marfin take. Kusa da inda faifai ke zama an rubuta 16, 33, 45 da 78, a baya kuma akwai ɗan maɓalli mai lamba 110 da 220. Tambarin kamfanin ya ɓamɓare. Da na kwance katakon ƙasa, sai na ga ƙwayaye biyu na gilashi, ɗaya an rubuta masa ECL82, ɗayan kuma EZ80. Ƴan uwa suna cewa tun zamanin da Damagaram take babban birnin ƙasa aka sayo shi. Ina son in san inda aka ƙera shi, da shekararsa, da kuma ko zan iya jona shi da wuta. Daga mai karatu a unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan kawunka, ya sa ya huta. Kafin komai, ina roƙonka kada ka jona shi da wuta tukuna, zan kuma faɗi dalili a gaba.

Maganar ƴan uwa ba za ta yiwu ba. A 1926 Faransawa suka mayar da mazaunin mulki daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Yamai, garmahon wancan zamani kuwa da hannu ake wana shi kafin ya juya faifai, allurarsa ta ƙarfe ce, kuma faifai mai juyi 78 a minti kaɗai ya sani. Lambobin nan huɗu da ka gani su ne shaida ta farko. Kamfanin Columbia na Amurka ne ya fito da faifai mai juyi 33 a 1948, RCA Victor ya biyo da mai juyi 45 a 1949, shi kuwa 16 sai a tsakiyar shekarun 1950 ya fara bayyana a jikin garmaho, kuma galibi faifan magana ake saurare da shi. Saboda haka duk garmahon da ya haɗa huɗun nan, ba a ƙera shi kafin tsakiyar shekarun 1950 ba.

Shaida ta biyu ta fi ƙarfi, ita ce ƙwayayen gilashin, waɗanda masu gyaran rediyo ke kira bawul. Rubutun da ke kansu tsarin Turai ne, domin da na Amurka ne da lamba zai fara, kamar 50C5 ko 35W4. Harafin E na farko yana nufin zaren da ke ɗumama ƙwan yana cin volt 6.3. Aikin EZ80 shi ne mayar da wutar gida ta zama mai tafiya ta fuska ɗaya, ECL82 kuma ƙwai biyu ne a kwalba guda, ɗaya yana ɗaga raunannar muryar da ta fito daga allura, ɗayan yana tura ta zuwa lasifika. ECL82 ya shigo kasuwa ne wajen 1956. Gaskiya ne ana canja bawul idan ya mutu, amma mai gyara da irinsa yake canjawa, tunda an tsara wayoyin ne dominsa, don haka sunansa ya fi kwanan watan da ke jikinsa zama abin dogaro. Ta ɗaya gefen kuma, daga tsakiyar shekarun 1960 transisto, ƙaramar na'urar da ke yin aikin bawul, ta kori bawul daga ƙananan garmaho. A ganina garmahonka ya faɗa tsakanin 1956 da 1965, wato dab da samun ƴancin kai a 1960 ko jim kaɗan bayansa.

Game da ƙasar da ya fito, zuciyata ta fi karkata ga Faransa. A shekarun nan wasu garuruwan Faransa suna kan wuta mai volt 110, wasu sun koma 220, shi ya sa masu ƙera kaya suke sa maɓallin zaɓi. Lasifika a jikin marfi kuma sananniyar siffa ce ta kamfanin Teppaz na birnin Liyon, sai dai ba shi kaɗai ya yi haka ba, kuma ba zan rantse a kan siffa ba. Kayan da suka shigo ta hanyar Kano sun fi zama na Ingila, irin su Dansette, wanda lasifikarsa take a gaban akwati, injinsa kuma sau da yawa na kamfanin BSR ne. Ka ɗaga faranti mai juyawa ka duba ƙarƙashinsa, ka duba hannun da ke riƙe da allura, domin a nan ake yawan buga suna a jikin ƙarfe ko roba, inda ba ya gogewa. Ka kuma duba babban kwandansa, wato gwangwanin alminiyon nan da ke tsaye kusa da bawul, da bayan lasifika, saboda sau da yawa ana buga wata da shekara a jikinsu. Idan dalmar wayoyinsu ta asali ce, ba a taɓa ta ba, to kwanan watan da ya fi kusa da mu shi ne ya fi kusa da ranar da aka haɗa garmahon, yawanci da tazarar ƴan watanni.

Yanzu batun wuta. Kwandansan da ya shekara da shekaru a ajiye yakan bushe, idan aka ba shi wuta farat ɗaya yana iya fashewa ko ya ƙona taransifoma, wadda samun irinta yau abu ne mai wuya ƙwarai. Idan kuma maɓallin nan yana kan 110 aka jona shi da wutarmu ta 220, ɓarnar nan take ce. Cikinsa ma akwai wuta da ta haura volt 200, kuma kwandansa yana iya riƙe ta bayan an cire waya. Ka kai shi wurin dattijon mai gyara wanda ya taɓa aiki da rediyo mai bawul, ya canja kwandansoshi da wayar wuta, ya kunna shi ta cikin ƙwan fitila domin ya rage ƙarfin abin da ke shiga. Ka roƙe shi ya ba ka tsofaffin da ya cire, domin a jikinsu shaidar shekaru take.

Ko an gyara, kada ka yi mamaki idan murya ta ƙi fitowa. Kan allura na yawancin irin wannan garmaho da ƙanƙarar gishirin Rochelle aka yi shi, wadda zafi da laima ke lalatawa, kuma ɗaki mai rufin kwano a bazarar Damagaram ya isa ya gama da ita. Ana maye gurbinsa da na tangaran. Ƴar tayar roba da ke juya faranti ita ma takan ƙandare har ta riƙa zamewa. In akwai faya-fayan kawu a gida, ka lura da ɗan maɓallin da ke gefen kan allura: fuska ɗaya ta faifan 78 ce, ɗayar ta 33 da 45, kuma allurar 78 mai kauri tana cinye siraran layukan faifan 45 tun a saurare na farko.